Wuni Guda a Bas Zuwa Tsinin Zirin Cape

Duk wanda ya yanki tikitin yawon zirin Cape a Afirka ta Kudu, idan mota ta tsaya ɗaukarsa, ya yi ƙoƙari ya kama kujerar hannun dama, jikin taga. Da safe motar kudu za ta nufa ta gaɓar yamma, teku na dama. Da la'asar za ta juyo arewa ta gaɓar gabas, teku na dama har wa yau. Na hagu kuɗi ɗaya ya biya da kowa, amma dutse zai wuni yana kallo, da ƙeyar maƙwabcinsa.

Zirin Cape wani siririn yanki ne na tsaunuka da ya miƙe daga birnin Cape Town ya kutsa cikin teku, tsawon kilomita hamsin da 'yan kai. Kamfanonin yawon buɗe ido sun daɗe da mayar da zagaye shi sana'a. Suna kwasar baƙi daga otal-otal wajen ƙarfe takwas na safe, su dawo da su tsakanin biyar da shida na yamma, bayan tafiyar da ba ta gaza kilomita 140 ba. Akwai manyan bas-bas masu ɗaukar mutum hamsin, akwai ƙanana masu cin goma sha wani abu, waɗanda direban ne jagora, yana tuƙi yana magana ta makirufo. Dokar ƙasar ta ce sai mai rajista zai yi wa baƙi jagora, don haka za ka ga kowannensu da bajo a ƙirji. Bajon dai shaida ce ta cewa mutum ya yi kwas. Abin da zai zaɓa ya faɗa maka da abin da zai bari ya wuce ta taga shiru, wannan ya rage nasa, kuma a wannan hanya abin da ake bari ya wuce yana da yawa.

Gaɓar masu hali

Minti goma sha biyar da barin tsakiyar gari an shiga Sea Point, daga nan Clifton, sai Camps Bay. Nan ne gidaje mafi tsada a ƙasar baki ɗaya, an liƙa su a jikin tsauni hawa-hawa, kowanne bangonsa na gilashi yana fuskantar faɗuwar rana. A Clifton wasu gidajen ta rufi ake shigarsu, domin titi yana sama, gida yana ƙasa. Bayan Camps Bay kuma ga jerin kawunan duwatsu da ake kira Manzanni Sha Biyu, ko da yake wanda ya tsaya ƙirgawa zai tarar sun fi haka.

Yashin fari fat, ruwan shuɗi, rana ta take, amma masu iyo ba su taka kara sun karya ba. Baƙo yakan yi mamaki. Dalilin shi ne ruwan wannan ɓangare ya fi sanyi a tsakiyar lokacin zafi, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, don su can lokacin sanyinmu ne lokacin zafinsu. A watannin nan wata iska mai ƙarfi takan taso daga kudu maso gabas, ta kore ruwan sama-sama mai ɗumi daga gaɓa, sai na ƙarƙashi mai sanyin ƙanƙara ya taso ya maye gurbinsa. Ma'aunin zafinsa yakan sauka ƙasa da digiri 14. Wannan ruwa mai sanyi shi ke ɗauko abincin ƙananan kifaye daga ƙasan teku, kuma duk wata halitta da za a nuna wa baƙo a wunin nan, a kansa take rayuwa.

A zamanin wariyar launin fata baƙar fata ba shi da ikon shimfiɗa tabarma a kan wannan yashi. Dokar 1953 ta raba wuraren shaƙatawa bisa launin fata, ta ba Turawa mafi kyawunsu. A 1989 Archbishop Desmond Tutu ya jagoranci jama'a suka je bakin teku a kusa da birnin da gangan don karya dokar, 'yan sanda suka tare su da karnuka. Yau kowa na iya zuwa, kuma ranar 26 ga Disamba da ranar sabuwar shekara iyalai daga unguwannin bayan gari sukan cika wurin maƙil. Gidajen da ke kallon ruwan dai ba su sauya hannu sosai ba.

Kaɗan bayan Camps Bay, a wani wuri da ake kira Oudekraal, akwai matakala da ta hau cikin itatuwa ta hannun hagu. A samanta kabarin Shaihu Nurul Mubin yake, ɗaya daga cikin malaman da kamfanin kasuwancin Holan ya koro daga tsibiran gabas zuwa nan a ƙarni na 18. Irin waɗannan kaburbura sun kewaye birnin, kuma Musulmin Cape suna ziyartarsu. Musulunci ya iso nan ne a cikin jiragen bayi da na fursunonin siyasa. An kawo Shaihu Yusuf na Makassar a 1694. Imam Abdullahi ɗan Ƙadi Abdussalam, wanda aka fi sani da Tuan Guru, an tsare shi a tsibirin Robben tun 1780, a can ya rubuta Alƙur'ani da ka, bayan an sake shi kuma aka kafa masallacin Auwal a unguwar Bo-Kaap a 1794. Bas ba ta tsayawa a Oudekraal. Idan jagoran Musulmi ne, mai yiwuwa ya rage gudu ya nuna da hannu.

Zangon farko shi ne Hout Bay, tashar masunta a cikin wani lungu da tsaunuka suka rungume. Ana ba da kusan awa guda. Mai so ya biya kuɗi daban ya shiga kwalekwale mai inji zuwa tsibirin Duiker, wani falalen dutse da dubban dabbobin sil ke kwance a kai, masu jiki sumul da gashin baki, suna ihu suna wari. Wanda teku ke juya wa ciki gara ya zauna a tasha ya sha shayi. Ta hanyar shiga garin motar takan wuce Imizamo Yethu, unguwar gidajen kwano da ta hau jikin tsauni tun farkon shekarun 1990, inda masu aikin gida da lambu da gadi na manyan gidajen kwarin suke kwana. Gobarar Maris ɗin 2017 ta raba dubban mutanenta da matsuguni cikin dare ɗaya. Tsakanin katangar gidan mai dawaki da ɗakin kwano, wani wurin titi ɗaya ne kawai.

Hanyar da aka sassaƙa a jikin dutse

Abin da mafi yawan mutane suka biya kuɗi dominsa yana farawa ne da an bar Hout Bay. Hanyar Chapman's Peak kilomita 9 ce kacal, amma kwana 114 gare ta, kuma an sare ta ne a gefen wani tsauni mai tsayin mita 593 wanda ƙafarsa ke cikin ruwa. Ta hagu bango ne na dutse ja da ruwan ɗorawa, a miƙe har sama. Ta dama 'yar gajeriyar katanga ce, bayanta kuwa babu komai sai iska, sai can ƙasa inda igiyar ruwa ke dukan duwatsu tana fashewa fari. A nan hira takan mutu a cikin mota. Wasu su manne da gilashi, wasu su sunkuyar da kai suna salati.

Yadda aka yi hanyar ta samu shi ne abin da ya fi burge ni. Tsaunin iri biyu ne. Ƙasansa dutsen giranit ne mai tauri, wanda ya haura shekara miliyan 500. Samansa dutsen yashi ne da ya kwanta shimfiɗa-shimfiɗa daga baya. Inda biyun suka haɗu akwai wani rukuni mai ɗan laushi, sai injiniyoyi suka bi wannan layi: suka rarake mai laushin, suka bar giranit ya zama daɓen da hanya za ta hau. Wanda ya lura zai ga launin dutsen da ke ƙarƙashin titi daban, na samansa daban. An fara aikin a 1915, aka buɗe a watan Mayun 1922, kuma fursunoni ne suka yi shi da diga da shebur da nakiya. Ana tunawa da sunan Sir Frederic de Waal, shugaban lardin da ya matsa sai an yi. Su masu digar, baƙo ba zai ji sunan ko ɗaya ba.

Dutsen yashi kuwa ba ya daina zubowa. A Janairun 2000 wani dutse ya faɗo kan mota ya yi kisa, aka rufe hanyar kusan shekara huɗu. Da aka sake buɗe ta a Disambar 2003 ta zama ta biya, da tolget, an kafa ragar ƙarfe a sama don tare duwatsu, an gina rumfar kankare a wasu wurare, a wani wurin ma an shigar da titin cikin cikin dutsen, gefe ɗaya a buɗe. Duk da haka in an yi ruwa mai yawa ko iska ta yi tsanani, rufewa ake yi, motoci su zaga ta wata hanyar cikin tudu. Kamfanoni sukan rubuta wannan da ƙananan haruffa a ƙasan tikiti. Wasu masu manyan motoci ma ba sa bin ta ko da a buɗe take, saboda haka a tambaya kafin a biya. Yawon zirin Cape babu Chapman's Peak, an rage masa rabin armashi.

Akwai wurin tsayawa a ƙololuwar hanyar, minti goma. Daga nan ana hango Hout Bay gaba ɗaya da dutsen Sentinel da ya sunkuya kan bakin ruwa kamar zai faɗa. Da an sauko ta ɗaya ɓangaren sai ga rairayin Noordhoek, fari, mai faɗi, tsawon kusan kilomita 8, babu kowa sai masu sukuwa jefi-jefi. Motar za ta wuce wata unguwa mai benaye marasa fenti da ake kira Ocean View. A riƙe sunanta, za mu dawo kanta.

Inda ƙasa ta ƙare

Kudancin zirin gandun daji ne tun ƙarshen shekarun 1930, yanzu kuma yana cikin gandun ƙasa na Table Mountain da aka kafa a 1998. A ƙofar shiga farashi uku ne: na 'yan ƙasa, na 'yan ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka ta SADC, da na sauran duniya. Ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana a rukuni na uku yake, kuɗinsa ɗaya da na Bajamushe. Sau da yawa wannan kuɗi ba ya cikin na tikitin mota.

Wanda ya zo da tunanin zai ga kurmi zai sha mamaki. Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu itace mai inuwa, sai gajerun tsirrai masu ƙananan ganye masu tauri, launin toka-toka. Idon da bai sani ba zai ce saura ce. Amma wannan ciyayi da ake kira fainbos yana cikin mafi yawan iri a duniya: yankin Cape yana da tsirrai kusan iri 9,000, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari babu su a ko'ina sai nan, abin da ya sa UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2004. Wani abin mamaki, sai da gobara yake rayuwa. Irin wasu tsirran ba ya tsira sai wuta ta bi ta kansa ko hayaƙi ya taɓa shi, don haka baƙin tabon ƙuna da ake gani a jikin tudu ba lallai asara ba ne. Jiminu suna kiwo har bakin ruwa, ga manyan bareyi can nesa.

Sai gwaggon birai. Tun kafin a isa jagora zai ja kunne: a rufe taga, kada a fito da abinci, kada a ba su komai, akwai tara. Ba wasa yake ba. Sun iya buɗe ƙofar mota da zik ɗin jaka, kuma babban namiji in ya nufo ka don gurasar da ke hannunka, sakar masa ita ce dabara. Na wannan yanki har bakin teku suke sauka idan ruwa ya janye, su ɓamɓare katantanwa daga jikin dutse su ci. Wanda ya saba da abincin mutane yakan zama ɗan fashi, ƙarshensa kuma sau da yawa kashe shi ake yi. Mai miƙa masa ayaba don ya ɗauki hoto ba taimakonsa ya yi ba.

Tsini biyu ne a ƙarshen zirin, kusa da juna. Na farko shi ne Cape of Good Hope, inda wani dogon allon katako yake, an rubuta cewa nan ne ƙarshen Afirka ta kudu maso yamma. Layi ake yi a ɗauki hoto a bayansa, kuma a lokacin cunkoso layin kan cinye rabin mintunan da aka bayar. Mutane da yawa suna komawa gida da imanin sun taka ƙarshen nahiyar, sun kuma ga inda Tekun Atlantika ya haɗu da Tekun Indiya. Ko ɗaya ba haka ba ne. Ƙarshen Afirka ta kudu yana Cape Agulhas, kimanin kilomita 150 gabas da nan, kusan tazarar Kano da Zariya, kuma can ne aka ja iyakar tekunan biyu a taswira. Jagoran kirki yakan faɗi haka. Wani kuwa sai ya nuna maka wani layin kumfa a kan ruwa ya bar ka da abin da kake so ka ji. Shawarata, a bar layin allo, a hau 'yar hanyar da ta bi tudun da ke bayansa. Minti goma na hawa, sai ga ka a kan gaɓa mai tsayi, teku ta fuska uku, iska na neman tuɓe maka hula.

Wannan wuri bai buƙatar a yi masa ƙarin gishiri. A 1488 Bartolomeu Dias na Fotugal ya zagaya shi, a 1497 Vasco da Gama ya bi sawunsa har ya kai Indiya, kuma daga nan cinikin kayan yaji tsakanin Asiya da Turai ya samu hanyar da ba ta bi ta hannun 'yan kasuwar Masar da Venice ba. Mutanen Khoekhoe makiyaya suna nan tun kafin zuwansu, ba kuma hannu suka naɗe ba: a 1510 sun kashe Francisco de Almeida, wakilin sarkin Fotugal a Indiya, da mutanensa fiye da hamsin a bakin ruwan da birnin yake a yau. Sai a 1652 Jan van Riebeeck ya kafa wa kamfanin Holan zango. Buɗe mashigin Suez a 1869 ya rage wa hanyar kasuwa, amma duk lokacin da Gabas ta Tsakiya ta rikice, jirage nan suke dawowa. Haka aka yi daga 1967 zuwa 1975 da aka rufe Suez. Haka kuma aka yi tun ƙarshen 2023, da hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya suka sa manyan kamfanonin dakon kaya suka zaɓi zagaye, da ƙarin kwana goma ko fiye a kan kowace tafiya. Kakanninmu ma sun bi ta nan. Sojojin Najeriya da aka kwasa zuwa yaƙin Gabashin Afirka a 1916, da waɗanda aka kai Kenya a 1940, cikinsu da Hausawa da yawa, ta wannan kwana jiragensu suka juya.

Tsini na biyu, Cape Point, ya fi tsayi da ban tsoro. Daga wurin ajiye motoci ana hawa da ƙafa, minti goma sha biyar zuwa ashirin, ko a biya a shiga wani ɗan tarago da igiyar ƙarfe ke ja. A sama akwai tsohuwar hasumiyar fitilar jirage, wadda aka gama a wajen 1860, sama da mita 230 daga fuskar ruwa. Masu ginin sun ɗauka tsayi shi ne amfani. Ashe gajimare da hazo sukan sauko su lulluɓe kan dutsen, fitila na ci a sama, matuƙin jirgi a ƙasa bai ganin komai. A Afrilun 1911 jirgin fasinja na Fotugal mai suna Lusitania, ɗauke da mutum wajen 800, ya hau wani dutse da ke ɓoye a ruwa kudu da tsinin. An ceci kusan kowa, mutum takwas suka rasu. Ba shi ne Lusitania ɗin da Jamusawa suka nutsar a 1915 ba, suna ne ya zo ɗaya. Bayan wannan hatsari aka gina sabuwar hasumiya can ƙasa, mita 87 daga ruwa, ta fara aiki a 1919, kuma ita ke ci har yau. Tsohuwar ta zama wurin ɗaukar hoto.

Awa ɗaya da rabi aka saba bayarwa a nan, har da cin abinci. Wanda ya zauna a gidan abinci ya jira a kawo masa, ba zai ga hasumiya ba. Gara mutum ya zo da guzurinsa ya ci a cikin mota. Azahar ma a nan takan riski matafiya, kuma babu masallaci, sai dai mutum ya nemi gefe ya shimfiɗa abin sallarsa. A tuna alƙibla a Cape ba gabas take ba, arewa ce ta ɗan karkata gabas.

Fengwin, da kare, da mutanen da aka tasa

Daga nan an juyo. Ruwan da ke dama yanzu na False Bay ne, ya fi na safe kwanciya da ɗumi. Tsakanin Yuni da Nuwamba manyan dabbobin wel sukan shigo nan haihuwa, har daga mota ana iya hango feshinsu.

A Boulders ake tsayawa kallon fengwin, tsuntsun da ba ya tashi, mai tafiya a tsaye, baƙin baya da farin ciki, kukansa sak na jaki. An yi gadar katako a kan yashi don mutane su bi ba tare da sun taka sheƙa ba. Zamansu a nan sabo ne: a farkon shekarun 1980 aka ga ma'aurata biyu sun sauka, cikin shekara ashirin suka kai dubbai. Baƙo in ya ga yadda suka cika wurin sai ya ɗauka lafiya lau suke. A Oktoban 2024 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa fengwin na Afirka a jerin halittun da ke dab da ƙarewa, bayan an yi asarar kusan kashi 97 cikin ɗari na yawansu. Da farko kwashe ƙwansu aka yi ta yi ana ci, aka kuma kankare tulin kashinsu da suke haƙa rami a ciki aka sayar a matsayin taki. Sai malalar mai: da jirgin Treasure ya nutse a Yunin 2000, kusan 19,000 mai ya shafa, masu aikin sa kai suka wanke su ɗaya bayan ɗaya, aka kwashi wasu kusan adadin haka a mota zuwa gabashin ƙasar aka sake su, kafin su iyo su dawo gida an share ruwan. Yanzu yunwa ce babbar matsala, domin ƙananan kifin sadin da ancobi da suke ci, su ne jiragen kamun kifi ke nema. A Maris ɗin 2025, bayan ƙarar da ƙungiyoyin kare tsuntsaye na BirdLife South Africa da SANCCOB suka shigar, kotu ta tabbatar da yarjejeniyar hana kamun kifin a kewayen manyan mazaunansu shida.

Boulders a gefen Simon's Town take, garin sojan ruwa. Birtaniya ta mayar da shi sansaninta a 1814, ta miƙa wa Afirka ta Kudu a 1957. Babban titinsa gine-ginen zamanin Sarauniya Victoria ne, a dandalin tsakiya kuma akwai mutum-mutumin wani ƙaton kare, Just Nuisance. Labarinsa babu jagoran da ke tsallakewa. Karen ya saba bin sojoji cikin jirgin ƙasa zuwa Cape Town, hukumar jirgin ta yi barazanar kashe shi don ba ya biyan kuɗi, sai rundunar ta ɗauke shi aikin soja a 1939, tunda soja kyauta yake shiga. Da ya mutu a 1944 aka binne shi da faretin girmamawa. Labari ne mai daɗi, mota takan ɗauki dariya.

Ga wanda ba kowane jagora ke bayarwa ba. Garin nan ya yi fiye da ƙarni biyu yana tara mutane iri-iri: jikokin bayi daga tsibiran gabas da Madagaska da Mozambik, masunta, dobi, teloli, magina, ma'aikatan tashar jirage, har da matuƙan Kru daga gaɓar Laberiya da Saliyo waɗanda rundunar Birtaniya ta ɗauko a ƙarni na 19, kaburburansu na nan a tsohuwar maƙabarta. A 1965 aka kwashe baƙaƙen unguwar Luyolo zuwa Gugulethu. A Satumban 1967, a ƙarƙashin dokar raba unguwanni, gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana garin a matsayin na Turawa zalla. Cikin 'yan shekaru aka tashi dubban mutane, aka rushe wasu unguwannin, aka zuba mafi yawansu a waccan Ocean View da muka wuce da safe, a bayan tsauni, nesa da tasha da kwalekwalensu da wurin aikinsu. Masallacin Nurul Islam bai rushe ba, yana nan a wani lungu sama da babban titi, ana salla a cikinsa. Akwai kuma wani ɗan gidan tarihi a Amlay House, gidan wani iyalin Musulmi da aka kora suka dawo bayan faɗuwar wariya, an tara hotunan aure da na makaranta da kayan girki na mutanen da aka watsa. Daga mutum-mutumin karen zuwa can tafiyar 'yan mintuna ce da ƙafa.

Ba na ganin laifin mai son ya huta da tarihi ya kalli teku; don haka ya biya kuɗinsa, kuma kyan wurin ba ƙarya ba ne. Amma tambayar wane ne ke kwana yana jin ƙarar wannan ruwa, wane ne kuma ke shigowa da asuba ya yi shara ya koma bayan tsauni, doka ce ta amsa ta, kuma waɗanda aka yi wa suna raye. Jagorori da dama 'ya'yan waɗannan unguwanni ne. Sukan yi shiru ne don an koya musu cewa baƙo nishaɗi ya zo nema. In ka matsa kusa lokacin da aka tsaya, ka tambayi naka inda iyayensa suka tashi, sau da yawa abin da za ka ji ya fi duk abin da ya faɗa ta makirufo.

Sauran hanyar a gajiye ake yin ta. Fish Hoek, sai Kalk Bay da ƙananan jiragen masunta masu fenti, sai Muizenberg da jerin ɗakunan katako masu launi-launi a bakin ruwa, inda sojan Birtaniya suka fatattaki na Holan a 1795. In motar ta bi ta Boyes Drive a saman tudu, za a ga wata 'yar rumfa da mutum a ciki riƙe da tabarau mai hangen nesa. Aikinsa gadin kifin shak: tun 2004 ake ajiye masu tsaro a nan, in sun hango shi su kaɗa jiniya a ɗaga tuta, masu iyo su fito. Daga wannan tudu kuma ana ganin Cape Flats shimfiɗe har gindin tsaunukan gabas, filin yashi da aka zuba mutanen da aka kora daga unguwar District Six su fiye da 60,000 bayan 1966, inda mafi yawan mutanen birnin suke zaune a yau.

Wasu kamfanoni sukan ƙare da lambun Kirstenbosch, wasu da ɗanɗanon giya a gonakin inabin Constantia, don haka wanda ba ya sha ya duba tsarin tafiyar tun wajen yankan tikiti. A zo da rigar sanyi ko da a Janairu ne, da takalmin da zai iya hawan dutse, mai hula kuma ya san yadda zai yi da ita. Al'adar ƙasar ce a ɗan ba jagora wani abu a ƙarshe, kamar kashi goma cikin ɗari. Wanda ke da sauran kwana a birnin, Simon's Town ta cancanci a koma mata ba tare da agogon direba ba. Layin dogo ya isa can tun 1890, yana bin bakin ruwa daga Muizenberg, sai dai a tambaya a tasha kafin a shiga, domin yashi kan rufe ƙarshen layin, jirgi ya tsaya a Fish Hoek.